ƘAIƘAYIN JIKI GA MASU WANKIN ƘODA: ABIN DA KE KAWO SHI DA YADDA AKE MAGANINSA

Wannan jawabi ne da editan wannan jarida ya yi a wurin taron ɗaliban azuzuwan manya. Mun buga shi gaba ɗaya domin waɗanda ba su samu zuwa ba. A karanta, a kuma karanta wa na gida.





Yau maganarmu a kan ƙaiƙayi ce. Na ga wasu sun yi murmushi. Da ma mun saba ɗaukar ƙaiƙayi ƙaramin abu. Sauro ya cije ka, ka sosa, ya wuce. Amma akwai wani irin ƙaiƙayi da ba ya wucewa da susa. Shi ne wanda yake damun masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake kaiwa asibiti ana yi musu wankin ƙoda.

Ciwon ƙoda ya daina zama baƙo a karkara. Mutanen Gashuwa da Nguru a Jihar Yobe, da na Haɗeja a Jihar Jigawa, sun daɗe suna kuka da shi. Ko a nan wurin, na tabbata akwai wanda ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa yake zuwa wanki. To, wannan magana tamu ce mu duka.

LABARIN KAWUNA

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da kawu, manomi ne, ya haura shekara sittin. Hawan jini ya daɗe a jikinsa bai sani ba, har ƙodarsa ta gaza. Aka fara kai shi birni wanki.

Bayan 'yan watanni sai ƙaiƙayi ya taso masa. Da rana da sauƙi. Da dare kuwa babu barci. Ya ajiye totuwar masara a gefen shimfiɗa yana kartar jikinsa da ita. Wani lokaci ya fita tsakar gida ya goga bayansa a jikin bishiyar darbejiya, sai ka ce akuya.

Mutanen gida suka ce ƙazuwa ce. Aka ware masa tabarma da buta da kwano. Aka hana jikokinsa zama kusa da shi. Aka kwaɓa farar wuta da mai aka shafa masa, abin ya ƙaru. Daga nan wasu suka ce ai sammu ne.

Na tambaye shi, "Kawu, kun gaya wa likita kuwa?"

Ya ce, "Haba ɗana! Mutumin da yake ƙoƙarin ceton raina, ni kuma in kai masa ƙarar susa?"

Haka ya yi ta fama. Ranar nan wata ma'aikaciyar jinya ta ga sawun farce a ƙirjinsa, dab da robar da ake yi masa wanki ta cikinta. Ita ce ta tambaye shi. Aka auna jininsa, aka gyara masa abinci, aka ba shi man shafawa da wata 'yar ƙwaya. Cikin 'yan makonni ya koma barci. Ƙaiƙayin bai tafi duka ba, amma ya ajiye totuwa, jikokinsa kuma suka dawo kan tabarmarsa.

Watannin da ya sha wahala, shiru ne ya jawo su. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana ke nan.

MENE NE AIKIN ƘODA?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu. Suna can ta baya, a ƙasan haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace kamar dunƙulen hannun mai ita ne.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, kamar yadda uwargida take tace gasara da rariya. A kwana ɗaya ƙodar mai lafiya tana tace ruwan jini wajen lita 180. Wannan jarka tara ke nan, irin mai cin lita 20. Kusan duk ruwan nan tana mayar da shi cikin jiki. Abin da take zubarwa shi ne fitsari, wajen lita ɗaya da rabi, kuma a cikinsa dattin jini yake fita.

Idan ƙoda ta gaza, dattin nan sai ya taru a jini. Ruwa ma ya taru, ƙafa da fuska su kumbura. Manyan abubuwan da ke kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga.

Wankin ƙoda kuwa, ba ƙodar ake cirowa a wanke ba. Jini ake wankewa. Ana jawo shi ta cikin roba ya shiga na'ura, na'urar ta tace shi, ya koma jiki. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff ne ya ƙera na'urar farko da ta yi aiki, a shekarar 1943. A Nijeriya an fara wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981.

Ga wani lissafi da nake so ku riƙe. A mako ɗaya akwai awa 168. Ƙodar mai lafiya tana aiki duk awannin nan, dare da rana. Wanki kuwa, idan an yi shi yadda ya kamata, sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zuwa. Awa 12 ke nan. Kun ga na'ura tana ceton rai, amma ba ta kamo ƙafar ƙoda ba. Dole wani datti ya rage a jini.

YADDA ƘAIƘAYIN YAKE

An yi babban bincike a kan dubban masu wankin ƙoda a ƙasashe da dama. An gano cewa kusan mutum 4 cikin 10 suna fama da ƙaiƙayi mai damuwa. An kuma gano cewa da yawa ba sa gaya wa likita, kamar dai kawuna. Don haka likitoci da yawa ba su san yawan masu fama da shi a asibitinsu ba.

Ga alamominsa. Ya fi kama baya, da hannuwa, da fuska, da ƙafafu. Wani kuma duk jiki ne. Yakan kama ɓangaren dama da na hagu tare. Ya fi tsanani da dare. Zafi da gumi suna ƙara shi. Wani yana jin sa ya tsananta lokacin da ake wanki ko bayan an gama.

Da farko ba a ganin komai a fata. Babu ƙurji, babu tabo. Abin da ake gani daga baya sawun susa ne: karce-karce, da ɓawon miki, da wuraren da fata ta yi kauri ta yi baƙi.

Wannan ƙaiƙayi ba a ɗaukarsa. Ba ya bin tabarma, ba ya bin kwano, ba ya bin gaisawa. Ba ƙazanta ke kawo shi ba. Daga cikin jiki yake tasowa.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

Ba abu ɗaya ne ke kawo shi ba. Abubuwa ne suke haɗuwa. Zan lissafa guda shida.

Na ɗaya, bushewar fata. Ciwon ƙoda yana rage gumi da maiƙon da fata take fitarwa. Sai fata ta bushe ta yi furu-furu. Yawancin masu wanki suna da wannan. Mu kuma ga hunturu, wanda ko mai lafiya fatarsa tsagewa take yi.

Na biyu, dattin da ya rage a jini. Mun yi lissafin awa 12 cikin 168. To, yaya wanda yake zuwa sau ɗaya a mako, ko sai ranar da kuɗi suka samu? Dattinsa ya fi yawa, ƙaiƙayinsa ma yakan fi tsanani.

Na uku, wani sinadari da ake kira fosfet. Yana cikin abincin da muke ci, kuma jiki yana bukatarsa don ƙarfin ƙashi. Ƙoda ce take fitar da rararsa. Idan ta gaza sai ya taru. Na'urar wanki ba ta iya kwashe shi duka. Idan ya yi yawa yakan haɗu da wani sinadari mai suna kalsiyam, su lalata ƙashi da jijiyoyin jini. Masu fosfet da yawa sukan yi ƙaiƙayi. Amma akwai masu ƙaiƙayin da idan an auna su a ga fosfet ɗinsu daidai yake. Saboda haka sai an auna ake sani.

Na huɗu, akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama guda huɗu a wuya, a bayan wurin da maƙoƙo yake fitowa. Kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba sosai. Likitoci suna kiran su paratayirod. Su ne masu kula da kalsiyam a jini. Idan fosfet ya daɗe yana hawa sai su kumbura su yi aiki fiye da kima. Wannan yana kawo ciwon ƙashi, yana kuma iya kawo ƙaiƙayi.

Na biyar, jijiyoyin da ke kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Ciwon ƙoda yana taɓa su. Sai su riƙa kai saƙon ƙarya. Su ce wa ƙwaƙwalwa ga abu yana tafiya a baya, alhali babu komai. Shi ya sa mutum zai sosa har jini ya fito, ƙaiƙayin yana nan. A yau likitoci suna ganin wannan yana cikin manyan dalilai.

Na shida, wani jikinsa ba ya jituwa da kayan wankin, kamar robar tace jini, ko wani magani da ake zubawa a na'ura, ko filastar da ake liƙa masa. Irin wannan yakan fara susa da zarar an jona shi da na'ura. Idan ya faɗa, ana iya canza masa kayan.

BA KOWANE ƘAIƘAYI NE NA ƘODA BA

Mai ciwon ƙoda mutum ne kamar kowa. Ƙazuwa tana iya kama shi. Makero da kirci suna iya kama shi. Kuɗin cizo da ƙwarƙwata ba su san mai ciwon ƙoda ba.

Yaya za a bambanta? Ƙazuwa tana fitar da 'yan ƙuraje a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da matsematsi. Kuma za ka ga wasu a gidan su ma suna susa. Idan haka ne, duk gidan ake yi wa magani lokaci ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Idan kuwa shi kaɗai yake susa, wata da watanni, babu ƙuraje, to, a tuhumi ƙoda.

Ciwon hanta ma yana kawo ƙaiƙayi. Idan idon marar lafiya ya yi ɗorawa kamar mai shawara, a gaya wa likita. Ƙarancin jini ma yana iya ƙara shi. Wannan duka aikin awo ne, ba aikin zato ba.

ME YA SA BA A RAINA SHI?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Farce yana tsaga ta, ƙwayoyin cuta su shiga. Mai ciwon ƙoda kuwa jikinsa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta kamar na mai lafiya.

Wuri biyu ne suka fi haɗari. Na farko shi ne hannun da aka yi wa aiki, aka haɗa jijiyoyi biyu don a riƙa soka allurar wanki. Na biyu shi ne robar da ake sawa a wuya, ko ƙirji, ko cinya. Wannan roba kai tsaye take shiga babbar jijiyar jini. Idan aka sosa wurin da farce mai datti, cuta tana iya shiga jini, kuma wannan yana kisa.

Sai rashin barci. Wanda ya yi wata uku bai yi barcin kirki ba, ƙarfinsa zai ƙare. Zai zama mai saurin fushi. Abinci zai fita ransa. Wani har ya ce ya gaji, ba zai koma wankin ba. Barin wanki kuwa shi ne babbar asara.

MAGANIN DA ZA A FARA A GIDA

Akwai abubuwan da ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Da su ake farawa.

1. Shafa mai. Wannan shi ne na gaba da komai. Man kaɗe mai kyau ya isa, ko basilin fari wanda ba a sa masa turare ba. A shafa sau biyu ko uku a rana. Lokacin da ya fi shi ne bayan wanka nan take, tun jiki da ɗan danshi. Sai dai kada a shafa a bakin robar wanki, kuma kada a shafa a wurin soka allura ranar da za a je asibiti.

2. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan. Ruwan zafi sosai yana da daɗi a lokacin, amma yana kwashe maiƙon fata, ƙaiƙayi ya dawo ya fi na da. Kada a daɗe ana wankan. A kiyaye kada ruwa ya jiƙa bandejin roba.

3. Sabulu mai laushi, ɗan kaɗan. A bar sabulun wanki, da garin sabulu, da ruwan magani mai ƙarfi da wasu suke ɗigawa a bokiti. A bar dirzar jiki da soso mai kaushi. Bayan wanka a dafa tawul a jiki, kada a goga.

4. A yanke farce ƙasa-ƙasa, a tsabtace shi. Mai susa cikin barci yana iya sa safa mai tsabta a hannu.

5. Tufafin auduga masu yalwa. Yadin roba yana riƙe zafi da gumi. A kwana a wuri mai iska, cikin gidan sauro.

6. Idan ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa a ɗora a wurin. Ko a danna wurin da tafin hannu. A ajiye totuwa, da tsinke, da mataji.

Akwai kuskure ɗaya da nake so in ja kunne a kai. Wani zai ce, tun da fata ta bushe, bari a ba shi ruwa da yawa. Kul! Mai wankin ƙoda ba ya fitar da fitsari kamar kowa. Ruwan da ya sha a jikinsa yake zama. Idan ya yi yawa yana iya cika huhu, numfashi ya gagara. Fatarsa da mai ake jiƙa ta, ta waje. Ruwan sha kuwa, iyakar abin da likita ya ƙayyade. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin suna ƙara ƙishirwa, suna kuma tayar da hawan jini.

MAGANAR ABINCI

Idan awo ya nuna fosfet ya hau, za a ce a rage wasu abinci. Masu fosfet da yawa sun haɗa da nono, da kindirmo, da madarar gwangwani, da cuku. Akwai hanta da sauran kayan ciki. Akwai kifin gwangwani, da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya. Akwai gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da wake, da waken suya. Akwai kuma baƙin lemon kwalba.

Duk cikinsu ba ɗaya ba ne. Fosfet ɗin da ake zubawa a kamfani, irin na baƙin lemon kwalba da abincin gwangwani, kusan duka yake shiga jini. Na wake da gyaɗa kuwa, wajen rabi ne ko ƙasa da haka yake shiga. Don haka abin kwalba da na gwangwani ake fara bari.

Amma a yi hattara. Kada tsoron fosfet ya sa a bar marar lafiya da koko da tuwo kawai. Wanki yana rage masa abin gina jiki, saboda haka yana bukatar nama da kifi da ƙwai daidai gwargwado. Farin ƙwai yana gina jiki, fosfet ɗinsa kuma kaɗan ne. Nama kuma idan aka yayyanka shi aka tafasa, aka zubar da ruwan farko, fosfet ɗinsa yana raguwa. A manyan asibitoci akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne tsara wa marasa lafiya abinci. A nemi ganinsa, kuma a tafi da mai dafa abincin gidan, don ita ce za ta yi aiki da bayanin.

MAGANIN ASIBITI

Na farko shi ne isasshen wanki. A je a ranar da aka sa, a kuma zauna har awannin su cika. Na san kuɗin wanki da na mota suna karya gida. Duk da haka a gaya wa likita gaskiyar abin da ake iyawa, don ya san yadda zai tsara.

Na biyu, ƙwayar kama fosfet. Aikinta a cikin ciki yake. Tana kama fosfet ɗin abinci kafin ya shiga jini, ya fita ta bayan gida. Saboda haka tare da abinci ake shan ta. Wanda ya ci tuwo da magariba, ya sha ƙwayar da zai kwanta, ya yi asarar kuɗinsa.

Na uku, maganin kwantar da jijiyoyi. Akwai gabapentin, akwai piregabalin. An gwada su an ga suna rage wannan ƙaiƙayi sosai. Amma ƙoda ce take fitar da su daga jiki. Wanda ƙodarsa ta gaza, maganin taruwa yake yi a jininsa. Shi ya sa likitoci sukan fara da kaɗan, kamar miligiram 100 na gabapentin bayan kowane wanki. Idan aka sha irin adadin da mai lafiyar ƙoda yake sha, yana kawo jiri, da magagi, da faɗuwa, har da suma. Kada wanda ya je kemis ya saya da kansa.

Na huɗu, hasken wata fitila ta musamman. Tun 1977 likitoci a Amurka suka nuna cewa irin wannan haske yana rage ƙaiƙayin masu wanki. Ana tsayar da mutum a gabanta na ɗan lokaci, sau biyu ko uku a mako. Sai a asibitin da ke da sashen fata mai kayan aiki ake samunta. Wannan daban yake da zama cikin rana tsaka, wanda gumi kawai zai ƙara.

Na biyar, sababbin magunguna da aka yi musamman don wannan ƙaiƙayi. Ƙasar Japan ta amince da wani mai suna nalfurafin a 2009. Amurka ta amince da wani mai suna difelikefalin a 2021, ƙasashen Turai kuma a 2022. Shi wannan a cikin robar wanki ake zuba shi idan an zo gamawa. Yana da tsada, kuma samunsa a wajenmu da wuya. Na ambace su ne don ku ga yadda duniya ta ɗauki wannan ƙaiƙayi da muhimmanci.

Na shida, idan ƙwayoyin wuyan nan huɗu sun kumbura ƙwarai, akwai magani, wani lokaci kuma a yi aiki a rage su.

Wanda Allah ya ba ikon dashen ƙoda, yawanci ƙaiƙayin yakan tafi bayan sabuwar ƙoda ta kama aiki. Ana yin dashe a ƙasar nan. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Mutane da yawa suna sayen Piriton da ire-irensa. Waɗannan na ƙaiƙayin cizon ƙwaro ne da borin jini. Ƙaiƙayin ƙoda ba ta wannan hanya yake zuwa ba, don haka ba su cika yi masa aiki ba. Sai dai su sa mutum gyangyaɗi.

A guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, da ƙullin ƙwayoyi da ake sayarwa a tasha da kasuwa. Suna ƙarasa ɗan sauran ƙarfin da ƙoda take da shi, suna kuma iya sa ciki ya yi jini.

A guji jiƙe-jiƙe da tsime-tsime na sha. Ga yawan ruwa, ga shi kuma wasu ganyaye da saiwoyi suna ɗauke da wani sinadari mai suna potasiyam. Idan ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya.

A guji shafa kananzir, da baƙin mai, da toka, da farar wuta, da man bilicin. Duk ƙona fata suke yi.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

Kada a jira ranar wanki idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi ko rawar ɗari, ja, ko kumburi, ko mugunya a bakin roba ko a hannun wanki, mikin susa da ya ƙi warkewa, ido ya yi ɗorawa, numfashi yana wuya, ko magagi da rikicewa bayan an fara sabon magani.

Idan kuma ana cikin wanki jiki ya fara rugu-rugu, ko fuska ta kumbura, ko ƙirji ya toshe, a kira ma'aikaci nan take.

A RUBUTA, A KAI WA LIKITA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana iya auna jini, amma babu na'urar da take auna ƙaiƙayi. Sai abin da marar lafiya ya faɗa.

Likitoci suna da wata hanya mai sauƙi. Sukan ce mutum ya ba ƙaiƙayinsa maki, daga 0 zuwa 10. Sifiri shi ne babu ko kaɗan. Goma shi ne mafi tsananin da mutum zai iya tunani. Wannan kowannenku zai iya.

A sami ƙaramin littafi. Kowace safiya a rubuta kwanan wata. A rubuta makin ƙaiƙayin jiya. A rubuta wurin da ya fi kamawa. A rubuta ko an yi barci. A rubuta ko ranar wanki ce. Ga misali: "Talata. Maki 8. Baya da hannu. Barci kaɗan. An yi wanki." Idan marar lafiya bai iya rubutu ba, ɗansa ko matarsa ko maƙwabci ya rubuta masa. Ranar asibiti a tafi da littafin. Da shi likita zai gane ko magani yana aiki, ko a canza wani.

Kuma a yi haƙuri da magani. Mai da ƙwaya sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Idan na farko bai yi ba, akwai na biyu. A koma a sake faɗa.

Iyayena mata, ku ne masu jinya a gidajenmu. Idan kun ga maigida ko tsohuwa suna susa, kada ku ware musu kwano. Ku yanke musu farce, ku shafa musu mai a baya inda hannunsu ba ya kaiwa. 'Yan'uwana maza masu raka marasa lafiya birni, idan dattijo ya ji nauyin faɗa wa likita, ku faɗa a madadinsa.

Mu kuma da ƙodarmu take lafiya, mu riƙa zuwa ana auna mana hawan jini da suga, ko da ba ma jin ciwon komai. Kawuna bai ji komai ba sai da ƙodar ta gaza.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.  Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.